Hannun Kawu da bai janye ba

Jiya a kasuwar Illela na wuce inda ake babbakar kawunan raguna, ƙaurin ya tuna mini da Kawu.

Fataucin jakuna yake yi tsakanin nan da Ƙonni. In ya ɗora wa jaki ƙarfe mai zafi don yin shaida, na runtse ido, sai ya yi mini dariya. "Matsoraci! Abin da bai janye ba, bai ji ba."

Da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma ta ɗauke. Babban ɗansa ya kira wanzami a ƙona hannun, wai ko zai farka. Na ce, "Yaya, kada fa shina ji."

"Jin mi? Ka ga ya janye?"

Ƙarfen ya sauka, fata ta yi ƙauri. Hannun na nan kwance kan tabarma, amma hawaye na gangarowa har cikin kunnen Kawu.

Daga baya a asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta ga tabon, ta riƙe baki. Ta ce hanyar da ke kai umarnin motsi daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu daban, wadda ke mayar da zafi daban. Ta farkon ce kawai ta lalace.

Tun ranar nake roƙon iyalina, in irin wannan ta same ni, su dubi idona.

Allah ya gafarta wa Kawu, ya sa wannan ce wuta ta ƙarshe da za ta taɓa shi.