Ranar da Na Kaɗa Kalangun Baba

Ina cikin kiɗa sai na ga tsofaffi uku sun miƙe daga kujerun baya suna cusa hannu cikin riga. Ranar da gwamnati ta ware don girmama makaɗan Sakkwato ce, an kira ni in miƙa kalangun marigayi babana cikin kayan tarihi. Mai gabatarwa ya ce, "Ki ɗan taɓa muna shi mana." Ni kuwa kiɗa ɗaya na iya, wanda Baba yake yi a zaurenmu na unguwar Gawon Nama. Ashe taken 'yan tauri ne, masu zaro wuƙa in ya tsuma su.

Suka nufo ni suna kirari, wuƙaƙe tsirara. Na ci gaba da kiɗa, wallahi ban kuskure bugu ɗaya ba.

Ana kiran la'asar babbansu ya mayar da wuƙarsa kube, idonsa cike da ƙwalla. Ya ce, "Kwantar da hankalinki, ɗiyata, babu mai taɓa ki. Tun rasuwar ubanki ba mu ƙara jin takenmu daidai ba sai yau."