Kwamfutar Da Ta Amsa Sunan Kakarta

Babana bai taɓa yarda abu ya amsa sunan da ba nasa ba. Sama da shekara arba'in ya yi yana ɗinkin hannu a zauren gidanmu da ke Soron Ɗinki, kuma duk wanda ya taɓa kawo masa riga ya san halinsa. In zare ba na tsamiya ba ne, zai gaya maka ba na tsamiya ba ne, ko da kai ka fi son a bar ka cikin duhu. Wani Alhaji ya taɓa roƙonsa ya ɗan taɓa masa wuyan rigar da aka yi wa aikin keke, don in an tambaya ya ce aikin hannu ce. Baba ya naɗe masa rigarsa, ya raka shi har bakin ƙofa, ya ce ya gaida gida. Ni na gaji taurin kansa ban gaji haƙurinsa ba, shi ya sa muka shafe mako uku muna rigima a kan kwamfuta.

Da ya ajiye allura, sai ya ce zai rubuta abin da ya sani kafin ya tafi da shi. Aikin ɗinkin manyan riguna, su aska biyu, aska takwas, 'yar Dikwa, malum-malum, yadda ake zana kowace, inda ake farawa, kuskuren da sabon hannu yake yi. Kuma da ajami zai rubuta, don ya ce da boko tunaninsa ɗingishi yake. Yayana ya kawo masa wata tsohuwar kwamfutar tebur da aka daina amfani da ita a wurin aikinsu, ya sa mata wata manhajar rubutun Larabci daga faifai, aka liƙa haruffa a kan madannai. Muka yi ta dariya a ɓoye, muna cewa ba za a yi sati ba. Shekara takwas Baba ya yi yana zama a gabanta daga hantsi zuwa azahar, in akwai wuta. In ya gama ya lulluɓe ta da tsohuwar atamfar Umma, wai kada ta yi mura.

Saura babi biyu ya kammala, abubuwa biyu suka haɗu. Likitan ido ya ce ganinsa yana raguwa, kuma irin raguwar da ba ta dawowa ce, sai dai a rage mata gudu. Sannan wata rana aka kawo wuta da ƙarfi yana masallaci, kwamfutar ta yi ƙauri, ba ta sake tashi ba.

Ni malamar makaranta ce, kuma a gidanmu duk wanda ya iya kunna abu shi ne injiniya, don haka a kaina aka ɗora ta. Na sa ta a adaidaita sahu na kai wa wani mai gyara a Mandawari, dattijo mai furfura a gemu, wanda ba ya gaggawar magana. Ya buɗe ta, ya sunsuna, ya ce ita kam ta riga mu gidan gaskiya, amma had-dis ɗinta, wato rumbun da rubutun yake ciki, lafiyarsa ƙalau. Da na kawo wannan albishir gida, Umma ta ce ita dama ta san abin da aka ajiye hadisi a cikinsa ba zai ƙone ba. Ban gyara mata ba.

Na kai wa mai gyaran laftof ɗina ya kwashe rubutun ya zuba a ciki. Nan aka gamu da cikas. Rubutun Baba ba ya buɗuwa sai da waccan tsohuwar manhajar, duk wata da aka gwada sai ta fito da wasu zane-zane kamar sawun kaji. Muka sa faifan, manhajar ta shiga, amma da aka danna ta sai wani ɗan akwati ya fito da rubutu, ta rufe kanta.

"Me ta ce?" na tambaye shi.

"Ta ce ba ta san gidan nan ba," in ji mai gyara. "Kin ga, Malama, kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, ita ce uwar gida, ita ke riƙe da komai. Ƙananan in za su fara aiki sai su tambaye ta, wace ce ke, bugu na nawa ce? Kamar littafi dai, akwai bugun farko, akwai na biyar. Sai ta faɗi sunanta da lambarta. To wannan tsohuwar, lambobin zamaninta kawai ta haddace. Ta ji lambar da ba ta taɓa ji ba, ta ce ba da ita ba."

Na ce to shi ke nan, aikin shekara takwas ya tafi? Ya yi murmushi, ya shiga wani lungu a cikin kwamfutar, ya sa alama a wani ƙaramin gida, ya zaɓi sunan tsohon bugun daga jeri. Ya ce daga yanzu duk lokacin da wannan manhajar ta yi tambaya, tsohon suna da tsohuwar lamba za a gaya mata. Ita kaɗai, sauran za su ci gaba da jin na yanzu. Ya sake dannawa, sai ga ajamin Baba shafi bayan shafi. Saura kaɗan in yi guɗa a shagon mutane.

Da na yi shiru da bakina da magana ta ƙare a nan. Amma ciwon malanta ne, ba ma iya sanin abu mu bar shi a ciki. Ina isa gida na zauna a gaban Baba a zaure, ko buɗe laftof ɗin ban yi ba, na fara ba da darasi. Na yi bayanin tambaya, na yi bayanin amsa, na kawo inda aka sa alama, ina jin kaina. Yana ta gyaɗa kai har na gama.

"Tsaya, Uwata," ya ce, don haka yake kira na. "Ita wannan sabuwar, ta san ba ita ce tsohuwar ba?"

"Ta sani mana, Baba."

"Aka tambaye ta, ta ce ita ce?"

"E, amma ai..."

"Kuma ga wannan ta ce kaza, ga waccan ta ce kaza. Fuska biyu ke nan. Cire."

Na ɗauka wasa yake. A gabansa ya sa na buɗe na cire alamar, bai ko kalli shafi ɗaya ba. Ya ce littafin da babinsa na farko yake gargaɗin maɗinki kada ya sayar da abu da sunan wani abu, ba za a ƙarasa shi ta ƙofar ƙarya ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ɓoye ba. Kullum in na tashi daga makaranta sai in biya da sabuwar hujja. Na ce kwamfuta ba ta da rai, ba a rubuta mata zunubi. Ya ce ita ba a rubuta mata, wanda ya sa ta fa? Na ce wannan ba ƙarya ba ce, dabara ce. Ya ce, "Wato ba cinya ba, ƙafar baya." Na ce duk duniya haka ake yi. Ya ce duk duniya ba ta zauna a zaurensa ba. Ya ce a nemo masa irin tsohuwar tasa, da tsohuwar zuma ake magani. Na zaga kasuwa ranar Asabar biyu, ƙafata har ta kumbura. Na samu guda biyu, ɗaya ba ta tashi, ɗayar kuma jikin ne kawai tsoho, an riga an zuba mata sabon bugu.

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin in mayar da alamar a ɓoye in ce masa abin ya gyaru da kansa. Abin da ya hana ni, na san zai dube ni ya ce, "Uwata, da kansa?" kuma ban taɓa iya tsallake wannan kallon ba. Ga shi kwana yana tafiya. Na lura ya fara laluben takalminsa da ƙafa a bakin zaure, ya fara gane masu sallama da murya kafin fuska. Tsoro ya kama ni, shi kuma tsoron nawa faɗa yake zama.

Umma ba ta sa mana baki ba ko sau ɗaya. Ita ba ta san boko ba, wayarta ma sai an nemo mata lamba. Ran nan da la'asar muna tsakar gida, tana tsinkar zogale a faranti, ni ina cika ina batsewa, Baba ya fito zai yi alwala.

"Uwata, miƙo min butar nan."

Na tashi na miƙa masa. Umma ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, wa ka kira?"

"Ga ta kuwa kina gani."

"Wannan ce ta haife ka? Don ni dai na san ni na haife ta, a ɗakin can, ina da shaidu."

Baba ya tsaya da buta a hannu. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, kuma tun ranar suna bai taɓa kama sunan da bakinsa ba. Ya ce, "Ai kin san dalili. Sunan tsohuwa ne da ita."

"Na sani. Shekara arba'in kana ce mata uwarka tana amsawa. A makaranta su kira ta da wani sunan ta amsa. To tsakanin kai da ita wa yake ƙaryar? Ina so in sani ne kawai, don in san wanda zan daina ba wa tuwo."

Dariya ta ƙwace min. Baba bai yi ba, ya tsuguna ya yi alwalarsa a tsanake, ya tafi masallaci. Na ce wa Umma ta ɓata masa rai. Ta ce in bar shi, ta fi ni sanin kayanta.

Da ya dawo ya zauna a zaure ya ce in kira masa mai gyaran nan. Na kira, na sa wayar a fili. Suka gaisa doguwar gaisuwa, har aka gano Baba ya taɓa yi wa mahaifin mai gyaran riga.

"Tambaya biyu gare ni," in ji Baba. "Ita sabuwar da tsohuwar, gidansu ɗaya?"

"Gida ɗaya ne, Baba. Jikarta ce, daga ita aka gina ta."

"Wannan suna da za ta amsa, kai ka ƙirƙiro mata, ko mutanen gidan?"

"Masu ita ne suka tanadi wurin da kansu, saboda tsofaffin manhajoji irin taka. Ni alama kawai na sa. Kuma duk aikin da kakar take yi wa manhajarka, ita ma za ta yi."

Baba ya shafa gemu. Can ya ce to in mutanen gidan ne suka raɗa mata, shi wane ne da zai hana jika amsa sunan kakarta. Ya ƙara da cewa wannan fahimtarsa ce tun farko, bayani ne ba a yi masa da kyau ba. Na buɗe baki, Umma ta yi gyaran murya daga bayan ƙofa, na rufe.

Na mayar da alamar, na danna. Rubutun ya fito. Na juya masa laftof ɗin ina jiran in ga farin cikinsa. Ya matso, ya gyara tabarau, ya ce in ƙara girman haruffan. Na ƙara. Ya ce in ƙara. Na kai su har kalma huɗu ta cika fuskar kwamfutar. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya kai hancinsa kusa da gilashin. Ya daɗe a haka. Sannan ya koma ya jingina da bango.

"Karanta min," ya ce. "Je ki can ƙarshe, inda na tsaya."

Wata guda da ya wuce da idonsa ya rubuta wannan shafin. Na ji haushin kowace rana ta mako ukun nan, da nawa laifin a ciki. Ajamina kuma na 'yan koyo ne, don ina yarinya guje wa darasinsa nake yi. Na fara karantawa ina tuntuɓe, shi yana gyara min daga ka, ido a rufe, har da inda ya sa ɗigo uku. Umma ta shigo ta zauna a bakin ƙofa da farantinta.

Layin ƙarshe bai cika ba. Ashe kiran sallah ne ya katse shi a tsakiyar magana ranar, ya adana ya fita. Na karanta, "In ka zo bakin aska, inda ta tsuke, kada ka..." Na ce, "Baba, nan ya tsaya."

"Kada ka ja zare da ƙarfi," ya ce nan take, kamar ɗazu ya tashi daga kai. "Yadin zai tattare. Ka bar shi ya kwanta da kansa." Ya juyo da fuskarsa wajen da nake. "Me kike jira? Sa hannu ki rubuta, kafin a ɗauke wuta."

Ban gaya masa wannan da batir take aiki ba. Na share idona da gefen mayafi, na sunkuya ina neman inda harafin kaf yake.