Saniyar Malam Buba Mai Fitowa Bayan La'asar

Ana idar da sallar asuba ranar Asabar ɗin da ta wuce muka kama hanya daga Kano, ni da abokina mai motar, da yayan matata wanda ya ce zai bi mu ne kawai don ya ga yadda zan ji kunya. Abin da ya fitar da mu wani ɗan bidiyo ne da aka turo mini a waya. Tarin karare ne da tsofaffin ƙarafa a gaban wani bango, amma inuwarsu a jikin bangon ta zama saniya sak, har da tozo. Ni sana'ata rubuta allunan shaguna ce da zane a jikin motoci, na san wahalar fitar da saniya ko da fenti da buroshi, balle da inuwa. Yayan matata ya ce haɗin waya ne. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Da na bi diddigi aka ce a wani ƙauye ne a yankin Maruta, ƙasar Gwaram, in mun je mu tambayi gidan Malam Buba.

A Wudil muka karya da shayi da ƙosai mai zafi. Mai shayin yana ta yi mana ƙorafin tsadar sukari, amma hakan bai hana shi zabga mana shi ba har sai da cokali ya kusa tsayawa a kofi. Daga nan hanya ta miƙe. Wani wurin kwalta sumul, wani wurin kuma sai direba ya zaɓi ramin da ya fi so ya faɗa. Bazara ce, gonaki duk an share ana jiran ruwa, an jibge taki tsibi-tsibi. Mangwaro kuwa ya yi araha a bakin titi har ka ji nauyin yin ciniki. Man fetur ne kaɗai bai san ana sauƙi ba.

Tun kafin ka shiga Birnin Kudu duwatsu ke fara yi maka maraba, manya-manya, wani a kan wani kamar da hannu aka ɗora su. Tunda da sauran lokaci, muka ratse mu ga zanen mutanen da da ke jikin duwatsun garin. Wani dattijo mai kula da wurin ya kai mu ƙarƙashin wani dutse da ya yi rumfa, ya nuna mana. Sai ka ƙura ido kafin ka gane: shanu ne da jan launi, wasu da dogayen ƙahoni, sun koɗe amma suna nan. Ya kuma ɗauki wani ɗan dutse ya bugi wani falale, sai ga ƙara kamar ta ƙarfe. Yayan matata ya karɓa ya yi ta bugawa har dattijon ya ce masa a hankali, ya isa haka, Alhaji. Na daɗe a tsaye ina tunanin wanda ya tsuguna a nan ya zana shanunsa, ko me ya sa shi.

Muka ci shinkafa da wake da mai da yaji a wata rumfa kusa da tasha, muka yi azahar, sannan muka nufi Gwaram. Zafi ya kai inda iskar da ke shigowa ta taga ma ƙona fuska take. A Gwaram muka tsaya wurin wani mai faci ya ƙara mana iska, na tambaye shi hanyar gidan Malam Buba. Ya dakata da aikinsa ya dube ni.

"Mai shanun aljanu? Me za ku yi a can?"

Na ce kallo kawai. Ya kwatanta mana hanyar, amma ya ƙara da cewa in shi ne ba zai sha ko ruwan gidan ba.

Daga titi muka gangara hanyar burji, daga burji muka koma turɓaya, muna ratsa kukoki da ɗorawa har muka isa. Gidan yana ɗan gefe da ƙauyen. Malam Buba dattijo ne dogo siriri, da malafa a ka, Bafulatani ne amma Hausa ce a bakinsa. Ya shimfiɗa mana tabarma a inuwar darbejiya, aka gaisa aka sake gaisawa. Da na faɗi abin da ya kawo mu sai ya yi ɗan murmushi ya ce mun zo a sa'a, ko kuma a rashin sa'a, domin yau liman da mai unguwa za su zo bayan la'asar su duba abin. In sun ce a rushe, zai rushe.

Ya kai mu bayan gida muka gani. Turaku ne aka kakkafa, wani kusa da bango wani nesa, an ɗaɗɗaura musu tarkace: karan dawa, ɓallen galma, fasasshiyar ƙwarya, bakin lauje, rabin wilin keke, tsohuwar igiyar ɗaure maraƙi. Bangon ɗakin ƙasa ne da ke kallon yamma, an shafe shi da farar ƙasa. Na zaga ta ko'ina, babu abin da ya yi kama da dabba. Inuwar ma a ƙasa take a yamutse. Yayan matata ya matso kusa da kunnena ya ce, to ga saniyarka nan.

Da muka koma tabarma Malam Buba ya ba mu labari. Da yana da garke, ciwon huhu ya shiga ya yi masa ɓarna, ragowar ya sayar ya koma noma. A cikinsu akwai wata farar saniya da yake kira Amarya, ƙahonta na hagu ya lanƙwaso ƙasa. Wata rana da yamma yana zaune sai ya ga inuwar wata karyayyar galma da aka jingine a danga ta faɗa jikin bango, ta yi lanƙwasar ƙahon nan daidai. Ya ce ya daɗe yana kallo har rana ta faɗi. Washegari ya ƙara kara ɗaya. Haka ya yi ta ƙarawa yana cirewa har rani ya ƙare. Kuma aikin ba ya ƙarewa, don rana ba ta faɗuwa a wuri ɗaya duk shekara, dole ya riƙa matsar da turakun yana bin ta.

Matsalar ta faro ne da mutane suka fara gani. Wasu suka ce shanunsa da suka mutu ne yake kira da tsafi. Wata mata ma ta zo ta ajiye farin goro a gindin turke tana neman haihuwa, ya kore ta, amma magana ta riga ta fita. Abin da ya fi ci masa rai shi ne matarsa, Inna Hajjo. Ita ke saro nono wurin 'yan uwa ta dama fura ta kai kasuwa, da shi ake cefane. Yanzu sai ta wuni ta dawo da ƙwaryarta kamar yadda ta fita, matan da suka shekara suna saye a wurinta suna kauce mata.

"Ni na ja mata," in ji shi. "Da na so in cire da kaina. Ita ce ta ce in na cire a ɓoye, za a ce gaskiya aka faɗa."

Bayan la'asar jama'a suka fara taruwa, maza a gaba, mata daga nesa ta bayan danga. Liman ya iso da mai unguwa. Gajeren mutum ne mai furfura, ba ya gaggawar magana. Ya shiga tsakanin turakun yana taɓa kowane abu, ya ɗaga ƙwaryar ya leƙa ƙarƙashinta, ya shinshina igiyar. Sannan ya dawo ya tsaya cikin mutane yana fuskantar bango.

Rana tana yin ƙasa, inuwar ta fara hawa bangon. Da farko ƙafafu ne suka rabu da juna. Inuwar wilin keken ta haɗu da ta ƙwarya suka zama ciki da tozo. Can sai bakin lauje da ɓallen galma, waɗanda ke nesa da juna a ƙasa, suka zo suka zauna a kai, ƙaho ɗaya a miƙe ɗaya a lanƙwashe. Saniya ce, ba kama ba. Kuma da yake turakun kan sun fi nisa da bango, inuwarsu ta fi saurin hawa, sai ka ga kamar tana ɗago kai a hankali. Na ji wani a bayana yana neman tsari. Na waiwaya na ga Malam Buba, shi ba mutane yake kallo ba, bangon yake kallo, leɓensa yana motsi kaɗan.

Liman ya ce, "Malam Buba, cire mini wancan lauje."

Ya je ya kwance. Ƙaho ɗaya ya ɓace.

"Miƙo shi nan."

Liman ya karɓa, ya shiga ya tsaya inda turken yake, ya ɗaga laujen sama. Ƙahon ya dawo, amma a kan tozo. Ya matsa, ya koma wuya. Mai unguwa ya fara ba shi umarni, Malam yi dama, a'a ka wuce, ɗan ɗaga. Inuwar rawanin liman kuma ta zauna a bayan saniyar kamar an yi mata lodi. Wata tsohuwa ce ta fara fashewa da dariya daga bayan danga, sai kowa ya kama. Har mutumin da ke neman tsari ya matso yana cewa a ba shi ya gwada.

Da dariya ta lafa liman ya juyo ya ce, "Kun ga aljanin, lauje ne da rana. Abin da ke tsaye a nan ba siffar mai rai ba ce, tarkace ne. Amma Malam Buba, kada ka fitar da fuskar mutum, kuma duk wanda ya sake kawo goro nan a turo mini shi." Sai ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "Ina Hajjo? Tun ɗazu nake tsaye a rana, babu fura a gidan nan ne?"

Ta fito da ƙwarya da ludayi. Liman ya zauna a tabarma a gaban kowa ya yi bisimilla ya sha, ya miƙa wa mai unguwa. Mu ma aka zubo mana. Fura ce mai yaji da kanumfari, nonon da kauri. Yayan matata ya sha ya nemi ƙari. Ba kowa ne ya sha ba, na ga mutum biyu ko uku sun sulale sun tafi. Kafin mu ankara saniyar ta miƙe ta yi tsawo, ta wargaje, ta koma inuwar tarkace.

A Birnin Kudu muka kwana wurin dangin abokina, da hantsi muka iso Kano lafiya. Jiya na kira lambar wani maƙwabcin Malam Buba, ya ce Inna Hajjo ta je kasuwa ta sayar da fiye da rabin furarta, har wasu na tambayarta yaushe za su zo kallo. Da ruwa ya sauka kuma Malam Buba zai kwance turakun ya adana, don kara ba ya jure damina.

Abin da na taho da shi daga tafiyar nan shi ne halin limamin nan. Magana ta yi wata da watanni tana yawo, tana hana wata baiwar Allah cin abinci, kuma duk masu yaɗa ta babu wanda ya taɓa matsawa kusa ya duba. Shi ya zo ya taɓa da hannunsa kafin ya buɗe baki. Na kuma gane cewa gwanintar aiki ba a birni kaɗai take ba. Ina dawowa na tattara gwangwanayen fenti da guntayen katako a tsakar gida na ce zan fitar da raƙumi. Na yi yamma uku ina fama. Matata ta fito ta tsaya ta kalli bangon da kyau, ta ce kazar ta yi kyau, amma me ya same ta a wuya.