Lilak a Gefen Randar Kaka

Har yau, in na ji warin jiƙaƙƙiyar jarida, sai in tsinci kaina a tsakar gidanmu na unguwar Nima, ina 'yar shekara tara, ruwan farkon damina yana ɗiga daga bakin kwano, mata suna tsintar shinkafar biki.

Bikin yayata ne. Angon yana Jamus, takardunsa ba su ba shi damar ya zo ya koma ba, don haka aka tsayar kawunsa zai karɓa masa aure a masallaci. Yaya ta yarda, amma ta rame. In za ta famfo, matan layinmu sai su rage murya, wasu da Hausa wasu da Tuwi, wai hoto za ta aura.

Ana gobe ɗaurin aure, da hantsi, wani boga, irin mutanenmu masu dawowa daga Turai, ya yi sallama da dogon ƙunshi naɗe cikin jarida mai laima. Ya ce saƙon ango ne, a hannu ya riƙo shi tun daga can. Da aka warware sai ga rassa bakwai, kowanne cunkus da ƙananan furanni masu launin shunayya, duk sun sunkuyar da kai. Ya ce sunan furen lilak, daga bishiyar da ke ƙarƙashin tagar angon aka karyo.

Kakata, wadda cinikin goro ya kawo ta daga Nijar tun tana da ƙuruciya, ta jujjuya reshe ɗaya.

"Na miya ne ko na magani?"

"Na riƙewa ne, Hajiya. Amarya ke riƙewa."

Yaya ta dubi yaushin furen, ta shige ɗaki. Kaka ta daɗe tana kallon labulen da ya rufe bayanta, sannan ta ce da ni, "Ƙishirwa yake ji. Miƙo wuƙa."

Gwaggona, mai dafa abinci a gidan wasu Turawa, ta san yadda ake yi. Ta zage ganyen, ta datse gindin kowane reshe a karkace, ta tsaga shi. Kaka kuwa ta yi masa irin gatan da take yi wa goro: ta tsoma shi a kwanon ruwa mai ƙanƙara, ta lulluɓe da ɗanyen ganyen huhu, ta ajiye gefen randa a ɗakinta, inda rana ba ta leƙawa. Na zauna a wurin ina yi masa fifita. A hankali wani ƙamshi mai sanyi ya fara tashi, ya gauraya da na goro da tsohon turaren wuta. Gyangyaɗi ya ɗebe ni, na ga kaina a wani gari mai shiru, ba hayaniyar tiroto, motocin hayarmu, ba kiran mai koko.

Da la'asar, rassa huɗu suka ɗaga kai. Uku ba su tashi ba.

Huɗu ba za su cika hannu ba. Washegari Gwaggo ta zo da fararen furanni daga jikin katangar wurin aikinta, Kaka ta karyo furen lalle daga bishiyarta ta bayan madafa, ta haɗa da ɗaɗɗoya. Ta sa lilak a tsakiya, ya ɗan ɗara sauran tsayi, tana juya damin a hannu tana cusa na gida a gefe, ta cire nan ta mayar can. Ta keto bakin farin mayafinta ta ɗaure.

Ita da kanta ta kai wa Yaya. "Mijinki ya aiko miki abin da yake gani in ya buɗe taga," ta ce. "Mu kuma mun haɗa da abin da kike gani. Tashi ki yi kwalliya."

Yaya ta tusa fuskarta cikin furen, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta fito, har matan layi suka matso, kowa na so ta sunsuna.

Sai bayan shekara huɗu Yaya ta samu tafiya wurin mijinta, lokacin Kaka ta rasu. Yanzu gidan ya zama bene, an sare lallen, amaren Nima kuma ta waya suke sayen furen roba, a kawo musu a babur. Bara muna hira da Yaya ta waya, ta ce mini lilak kwanaki kaɗan yake yi a shekara ya kaɗe. Ashe mijinta ne ya roƙi kawunsa a sa ranar aure a daidai kwanakin nan, ya ce masa saboda aiki ne. Bai taɓa gaya mata ba. Sai da ta shekara a ƙarƙashin tagar nan ta gane da kanta.