Malam Sale Mai Farautar Kalma

Ina shago a unguwar Hindawiyya, nan Makka, ana dab da kiran la'asar, ƙanwata ta bugo waya ta ce Malam Sale ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mai tarjama ne, yana fassara wa mutanenmu takardun kasuwanci daga Larabci. Ban taɓa ganin mutum mai tambaya irinsa ba. Kalma ɗaya sai ta hana shi cin abinci, ya bi tsofaffin Hausawan unguwar Tandabawi gida gida yana tambayar yadda ake faɗinta a Kano ko Damagaram. Yakan ce, "Kalmar da tsohuwa ba ta gane ba, ba a fassara ta ba tukuna."

Da Baba ya rasu, shagon turarenmu mu'assasa ne, wato kasuwancin mutum ɗaya. Lauya ya ce dole magada mu yi tahwili, a mai da shi sharika, wato kamfani, in ba haka ba a soke rajistar. Yayana, da guntuwar Hausarsa ta haifaffen Makka, ya gaya wa Umma wai za a rushe na Baba a kafa sabo. Ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta sa hannu a rushe gumin mijinta ba. Ga wa'adi yana matsowa, wallahi hankalina ya tashi.

Malam Sale ya zo gida. Ya ce mata rushewa ita ce tasfiya, tahwili kuwa daban: sunan yana nan, haƙƙi da nauyi duk suna bin shagon. Umma ko kallonsa ba ta yi ba. Sai halin nasa ya motsa, ya manta abin da ya kawo shi. Ya ce akwai kalmar da ta gagare shi, wato kamfani ya bar ƙasar da aka yi masa rajista ya koma ƙarƙashin dokar wata, alhali bai mutu ba. Ya gwada ƙaura, ya gwada hijira, duk ba su zauna masa ba.

Umma ta ce, "Ai wannan tarewa ce, Malam. Amarya in ta tare, dokar gida ce ta sauya, ita tana nan 'yar iyayenta."

Ya yi ta maimaita kalmar yana murna kamar wanda aka ba kyautar doki. Can ta ce, "To, namu fa?"

"Naku ko gida bai sauya ba, Hajiya. Riga ce kawai."

Sai ta ce a miƙo mata biro. Har yau sunan Baba ne a kan allon shagon, daga nan kuma muke ci.

Allah ya jiƙan Malam Sale, ya haskaka kabarinsa, ya sauƙaƙa masa tambaya. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya tsaya wa marayunsa kamar yadda ya tsaya mana. Amin.