Na Je Daura Neman Kayan Kaina

Asabar: Kano zuwa Daura

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ina idar da salla, na ja bakko biyu zuwa bakin titi na tare ɗan adaidaita sahu. Ya dubi kayan, ya dube ni, ya ce, "Hajiya, tashi za ki yi daga unguwar?" Na ce tufafina ne kawai. Bai yarda ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Ni malamar makarantar 'yan mata ce, kuma ɗalibaina sun laƙaba mini suna Malama Anko. Ba ƙarya suka yi ba, duk abin da zan sa na bikin wata ne. Ranar da tura ta kai bango, mu uku muka fito taron safe da atamfa iri ɗaya, yara suka rangaɗa guɗa. Na ji kunya har cikin raina. Na ƙudurta kafin a dawo hutu sai na rabu da sunan nan. Shi ne na tuna da Gwaggo Hadiza, yayar babana, tela a Daura, wadda kayanta ba su cika akwati ɗaya ba amma kullum tsaf take.

Motarmu ta tashi shida da minti ashirin. Muka wuce Dambatta, a Kazaure direba ya tsaya shan mai, ni kuma na sayi waina mai zafi. Tara da kwata ina ƙofar gidan Gwaggo.

Bayan fura da gaishe-gaishe, ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ta ce in juye. Ta ɗaga wani leshi. "Wannan fa?" Na ce na bikin Rabi. "Wannan?" Na sunan ɗan Maryam. Haka muka bi kala talatin da ɗaya, kowanne da mai shi. Ta tafa hannu ta ce, "To 'yar nan, naki ina? Ai zanin aro ba ya rufe katara." Na ce ni na saya da gumina fa. Ta ce, "Kuɗin naki, idon na aro."

Lahadi: Mai'adua

Bakwai da rabi muka shiga motar kasuwa, an matse mu da buhunan barkono. Kafin takwas da kwata mun sauka. A hanya Gwaggo ta yi mini karatu. Kala bakwai sun ishi mace shekara, in ta san abin da take yi. Bazara tana son yadi marar nauyi mai shan iska. Damina kuwa launi mai duhu, wanda ba ya tona asirin taɓo kuma yake bushewa da wuri. "Na sanyi fa?" in ji ni. Ta ce shadda biyu da suwaita ɗaya, sai mayafi biyu da za su hau kowanne. Zanin da bai yarda da riga biyu ba, ba ya shiga akwati.

A rumfar mai atamfa na zaro waya zan ɗauki hoto in tura wa ƙawaye su zaɓa mini. Caraf Gwaggo ta warce ta jefa a jakarta. "Yau ba amarya, ba ƙawa. Ke za ki zaɓa."

Wallahi na fi rabin awa a tsaye kamar an dasa ni. Mai rumfa har ya kawo mini kujera. Shekara talatin da huɗu a duniya, ban san launin da nake so ba! Can a ƙasan jeri idona ya faɗa kan wata shuɗiya mai duhu da ɗan zanen ganye, na ji zuciyata ta kwanta. Na nuna. Gwaggo ta murza, ta ɗaga wa rana, ta ce, "Tun kina yarinya shuɗin kwano kike rigima a kai. Ashe kina nan." Daga nan sauran suka zo da sauƙi.

A dawowa, wani jami'in kwastan ya leƙa ledarmu a shinge ya ce, "Biki za a yi?" Gwaggo ta ce, "A'a, yaye." Ya yi dariya ya ce mu wuce.

Litinin zuwa Alhamis

Kwana uku keken Gwaggo bai huta ba. Ta sa mini aljihu a kowace riga saboda alli. Ankon nan na ajiye biyu, ragowar kuma matan unguwa suka raba, ana ta sa mini albarka. Alhamis da hantsi na hau mota da jaka ɗaya a cinya, azahar ta yi mini a gida.

Ranar da aka koma makaranta na sa shuɗiyar. Ina shiga aji wata mai bakin tsiya ta ɗaga hannu. "Malama, wannan na bikin wa?" Na ce, "Nawa ne." Sai ajin ya ɗauki tafi.

Da aka fita tara, Malama Rabi ta shafa hannun rigar ta ce in ba ta ƙyalle, shi za ta fitar anko a bikin ƙanwarta. Na kira Gwaggo ina dariya. Ta ce, "Ki ce mata ya ƙare. Ragowar turmin yana ƙarƙashin gadona, na san halinku."

Alhamdu lillahi da muka je lafiya muka dawo lafiya. Gwaggo, Allah ya ƙara wa idonki haske.