Malam Ƙasimu Illa Yawuri, Mai Allon Durƙuso (1953–1999)

Asali da haihuwa

A garin Yelwa ta ƙasar Yawuri, daf da bakin kogin Kwara, aka haifi Malam Ƙasimu Illa cikin watan Rajab na shekarar 1372 bayan hijira, wanda ya yi daidai da Maris na 1953. Mahaifinsa, Illa Magaji, masassaƙin kwale-kwale ne, mahaifiyarsa Halimatu Sadiya kuwa bandar kifi ce sana'arta. Yana da shekara uku cutar shan inna ta shanye masa ƙafar hagu tun daga cinya, don haka tsawon rayuwarsa da sanda ya yi tafiya. A cikin ruwa ne kaɗai ba ya buƙatarta, kuma kafin ya cika shekara tara ya fi yayyensa iyo.

Karatu da koyon sana'a

Ya sauke Alƙur'ani a hannun limamin unguwarsu, ya yi firamare daga 1961 zuwa 1967, sannan aka tura shi makarantar koyon sana'o'i a Sakkwato, inda ya ƙware a aikin kafinta. A 1974 ya tafi Legas, ya sami aiki a wani kamfanin gyaran ƙananan jiragen ruwa a Apapa. A nan ya koyi aikin faiba, wato ƙyallen zaren gilas da ake shimfiɗawa a shafe shi da ƙaro har ya sandare ya zama jikin jirgi.

Haɗuwarsa da teku

A 1976 aka aike shi ya kai wani jirgi da aka gyara gaɓar Tarkwa, inda ya tarar da wasu Turawa suna wasan hawan igiyar ruwa: mutum ya kwanta a kan dogon allo ya yi iyo da hannu har igiya ta ɗauke shi, sai ya miƙe tsaye ta kawo shi gaɓa. Ɗaya daga cikinsu ya yar da allonsa da ya karye biyu. Malam Ƙasimu ya ɗauki rabin gaba ya liƙe, ya sami gajeren allo da zai iya hawa a durƙushe bisa gwiwoyinsa. Shekara ashirin ya yi yana zuwa wannan gaɓa kusan kowace Lahadi. Sai dai juya allo yana buƙatar a danne gefensa da gwiwa, gwiwarsa ta hagu kuwa ba ta da ƙarfin danna komai. Saboda haka duk igiyar da ta karye zuwa dama sai ya bi ta, wadda ta karye zuwa hagu kuwa sai ya zauna yana kallo ta wuce.

Aure

A 1980 ya auri Saude, 'yar Malam Ghali tela na Agege, wadda ita ma ɗinki ne sana'arta. Maƙwabtansu sun shaida cewa ita take ɗinka masa tufafinsa duka da hannunta, kuma ba ta taɓa yi masa gorin wasan da mutanen unguwa suke ɗauka shirme ne ba.

Tafiya Guangzhou

A Afrilun 1996 yayan Saude, Alhaji Tankari, wanda ke da ofis a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou a ƙasar Sin yana aika tankunan ruwa zuwa Legas, ya nemi Malam Ƙasimu ya zo ya riƙa duba masa kaya kafin a ɗora su a jirgi. Masana'antar da ke yin tankunan tana Panyu, kudu da birnin, mallakar wani dattijo mai suna Liyang, wanda kowa ke kira Lawban, wato maigida. A ranarsa ta farko Malam Ƙasimu ya bi tankunan yana ƙwanƙwasawa da yatsa, ya ware goma sha ɗaya ya ce akwai iska a cikin faibarsu. Lawban Liyang ya sa aka yanka ɗaya, ya ga gaskiya ce, sai ya aika a kawo shayi. Ba su da harshen da ya haɗa su, don haka da alli suke zance a kan siminti, kuma kafin shekarar ta ƙare dattijon ya ba shi wata kusurwa a masana'antar ya yi abin da ya ga dama.

Gwaje-gwajen wutsiya mai lanƙwasuwa

A kasuwar Shahe ne ya lura da sandar gora da 'yan dako ke rataya kaya a kanta, yadda take lanƙwasawa a kowane taku ta kuma dawo da kanta, tana rage wa mai ɗauka nauyi. Ya yi tunanin cewa idan bayan allo, wanda ya kira wutsiya, zai lanƙwasa haka, to ƙaramin danni zai ishe shi juyawa, kuma dawowar wutsiyar za ta cilla shi gaba. Sai ya cire busasshen soson da ake cika allo da shi daga kashi ɗaya cikin uku na baya, ya bar shimfiɗun faiba zalla masu sirantuwa zuwa ƙarshe, allon ya fito kamar babban cokali. Wurin gwajinsa wani ƙauyen masunta ne gabas da Shenzhen, tafiyar awa biyar a mota. Allo na farko ya yi nauyi har ba ya iya ɗaga shi a ruwa, na biyu kuwa ya yi tauri kamar ƙyauren ɗaki. Na uku ya karye a ƙarƙashinsa cikin Oktoban 1997, tsinin ya tsage masa cinya, haƙarƙarinsa biyu suka karye, masunta ne suka tsamo shi. Ya yi mako uku a asibiti.

Zuwan Saude

Da labari ya isa Legas, Saude ta bar yaransu a hannun mahaifiyarta, ta iso Guangzhou bayan ƙaramar salla, a Fabrairun 1998, da niyyar komawa da mijinta. Alhaji Tankari, wanda aka yi maganar a gabansa, ya ruwaito cewa ta ce:

"Malam, shekara goma sha shida ina wanke maka gishirin teku daga tufafi, ban ce uffan ba. Yanzu kuwa jini aka nuna mini. Ka tattara mu koma gida."

Malam Ƙasimu ya ce: "Saude, ban taɓa juyawa hagu ba. Sau ɗaya nake so. In na yi, duk ranar da kika ce mu tafi, mun tafi."

Bayan kwana biyu ta bi shi masana'antar, ta tarar da allo na huɗu a kan benci. Ta shafa shi da tafin hannu daga wannan gefe zuwa wancan, ta tambaye shi me ya sa kaurinsu ɗaya. Ya ce haka ake yin kowane allo.

"Ni da nake ɗinka maka wando," in ji ta, "ka taɓa ganin na yanka ƙafafun daidai? Ta hagu kullum sai na rage mata. Kai kuma ka zauna kana ƙera allon mai ƙafa biyu lafiyayyu."

A ranar ya ajiye allo na huɗu bai ko gwada shi ba. Na biyar ya yi masa shimfiɗa shida a gefen dama, uku a hagu, amma ya yi laushi har yana murɗewa. A na shida ya mai da na hagu huɗu, ya zurfafa gurbin da gwiwar hagu ke zama a kan allon, Saude kuma ta ɗinka masa matashi da robar tayar mota da ƙyalle, daidai girman shanyayyar gwiwar.

Ranar 20 ga Satumba, 1998

A wannan Lahadi teku ta wayi gari da manyan igiyoyi. Waɗanda suka halarta su ne Lawban Liyang da matarsa, da Saude, wadda ta tsaya a bakin ruwa riƙe da sandarsa. Da hantsi wata igiya ta taso tana karyewa zuwa hagu. Ya bi ta, ya karkata hagu, wutsiyar ta lanƙwasa, allon ya juya, ya tafi da shi a jikin igiyar kimanin taku ɗari kafin ta mutu. Da ya iso gaɓa yana jan jiki, ya tarar Saude ta shigo ruwa har gwiwa, zanenta ya jiƙe.

"Kin gani?" ya ce.

"Na gani, Malam," ta ce, ta miƙa masa sandar.

Ya yi sujadar godiya a kan rairayi. Daga bisani shi da kansa ya tuna mata alkawarin komawa gida, ta ce a dakata tukuna, domin tana da juna biyu, kuma ta ji wani masunci da injin jirgi ya cinye wa ƙafa yana tambaya ko za a yi masa irin wannan allo.

Shekararsa ta ƙarshe

Tsakanin Oktoban 1998 da Yulin 1999 ya ƙera alluna tara, dukansu na masu lalurar ƙafa, kuma bai yarda ya fara ko ɗaya ba sai mai shi ya zo ya durƙusa a kan takarda an zana gwiwoyinsa. A farkon 1999 tari ya kama shi, likitoci suka tabbatar cewa ƙurar faiba da ya shaƙa shekara ashirin da biyar ta lalata masa huhu. Lokacin da aka yanke shawarar mai da shi gida, jikinsa ya riga ya yi raunin da ba zai jure tafiyar jirgin sama ba.

Rasuwa da jana'iza

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 16 ga Nuwamba, 1999, cikin watan Sha'aban na 1420, bayan sallar azahar, a ɗakinsu na Xiaobei, kansa yana bisa cinyar matarsa. Yana da shekara arba'in da shida. Washegari aka yi masa salla, fataken Kano da na Yamai da na Kumasi da Musulmin ƙasar Sin suka raka shi maƙabartar Musulmi ta birnin. Lawban Liyang ya rufe masana'antarsa ranar, ya tsaya a ƙofar maƙabarta har aka kammala. Daga nan ya roƙi Alhaji Tankari ya koya masa abin da ake faɗa wa mai rashi, ya yi ta maimaitawa a hanya, da ya isa gaban Saude ya cire hularsa ya ce da Hausa, a hankali, "Allah ya jiƙansa." Ta amsa masa da amin.

Ya bar matarsa Saude da 'ya'ya biyar: Shehu, makanikin injin jirgin ruwa a Legas, Ummu Salma, ɗalibar aikin jinya, Karim da Hamdia, waɗanda ke sakandare, da Balkissa, wadda aka haifa a Guangzhou, tana da wata shida a ranar da ya rasu. Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa makwancinsa, ya raya abin da ya bari.